Kwana biyu a kan dogo tsakanin Ngaundere da Yawunde

Likitan da ke duba Baba a Garwa ne ya ce sai mun dangana da Yawunde, babban birnin Kamaru. Ciwon suga ya fara taɓa masa ido, kuma na'urar da za a yi masa aikin da ita tana can. Aka ba mu ranar Laraba, ƙarfe takwas na safe. Na zauna na yi lissafi: in muka kama jirgin ƙasa na daren Litinin daga Ngaundere, Talata da hantsi muna Yawunde, Baba ya wuni ya kwana gidan ƙanwarsa a unguwar Birketari, Laraba ya tafi asibiti da ƙarfinsa. Kwana guda cur na bari a tsakani saboda halin tafiya, ga shi kuma watan Agusta ne, ruwa kullum.

Da mota ma ana zuwa, tunda an shimfiɗa kwalta ta Meiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa. Amma mai ciwon suga ba ya jure zaman bas na dare guda: ƙafa ta kumbura, fitsari ya matsa, direba kuwa ba zai tsaya don mutum ɗaya ba. A jirgi akwai gado, akwai makewayi, mutum ya miƙe ya taka. Shi ya sa na aika wa ɗan'uwana da ke Sabongarin Ngaundere kuɗi ta waya tun mako guda kafin tafiyar, ya sayo mana tikitin ɗaki mai gado huɗu, ya kama wa Baba gadon ƙasa.

Mun bar Garwa bayan asuba, kusan kilomita 280, muka haura dutsen nan da ke bayan Mbe motar tana nishi, muka shiga Ngaundere da azahar cikin sanyi da yayyafi. Wanda bai san garin ba, tashar jirgin ita ce maƙurar dogo. Daga nan babu ƙarfe zuwa arewa. Duk abin da zai tafi Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, siminti ne, taki ne, shinkafa ce, man fetur ne, nan ake sauke shi a ɗora wa manyan motoci. Auduga da shanu kuma nan suke hawa su nufi kudu. Baba yana da ƙuruciyarsa lokacin da layin ya iso garin a 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, kuma har yau in ya ga ginin tashar sai ya ba da labarin yadda suka taso daga Garwa takanas don su ga jirgi da idonsu. Kilomita 622 ne daga nan zuwa Yawunde, dogo mai faɗin mita ɗaya, kuma abin da ya kamata kowane matafiyi ya riƙe shi ne: layi ɗaya ne tal. Mai zuwa da mai komawa, na kaya da na mutane, duk a kansa suke bi. Ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe a gefe, ɗaya ya raɓe ya jira ɗayan. Saboda haka in abu ya sami jirgi ɗaya a tsakiyar daji, ya sami kowa.

Bayan magariba ya kamata mu tashi. Muka yi sallah, aka duba tikiti da katin shaida, aka auna kaya, muka shiga zauren jira. Jirgin kuwa ga shi can a tsaye muna kallonsa, ba a buɗe ƙofar fita ba. Isha ta yi. Wajen ƙarfe takwas da rabi lasifika ta yi ƙara, wata murya ta yi magana da Faransanci, zauren yana amsa kuwwa, abin da na iya tsinta kawai shi ne jirgi zai makara, a yi haƙuri. Ba a faɗi dalili ba, ba a faɗi lokaci ba, ba a kuma maimaita ba. Na duba mutanen da ke zaune: Fulani mata da ƙoransu, 'yan kasuwar Cadi masu jin Larabci, Hausawa irinmu, Gbaya da Mbum masu sauka a ƙauyukan hanya. Da yawansu ba su ji ko kalma ɗaya ba. Sai kowa ya juya ga na kusa da shi yana tambaya, me aka ce? Wanda ya ji rabi ya fassara wa wanda bai ji komai ba, kafin maganar ta kai bangon baya ta zama wai an fasa tafiyar.

Na je kanta. Matar da ke wurin ba ta yi mini tsawa ba, gaskiya, cewa ta yi su ma ba su da labari, in koma in zauna. Ina dawowa sai ɗan dakon da ya ɗauko mana kaya ya tare ni, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, ya rage murya ya ce, "Alhaji, jirgin kaya ne ya sauka daga kan dogo wajen Belabo tun la'asar. In kana da sauri ka nemi bas." Ban ɗauki maganarsa ba. Na ce a raina da haka ne ai da an faɗa a lasifika. Wannan tunanin nawa shi na fi juyawa daga baya, domin a daidai lokacin nan motocin dare na Yawunde ba su gama lodi ba.

Kusa da mu akwai wata Hajiya daga Marwa da 'yarta, yarinya mai natsuwa, tana riƙe da littafi ko a cikin hayaniyar. Jarrabawar shiga makarantar aikin jinya za ta rubuta a Yawunde, ita ma Laraba da sassafe. Uwar ta tambaye ni abin da yaron ya ce, na gaya mata, na ƙara da cewa ina ganin zancen 'yan tasha ne. Ta ce to, Allah ya sa haka.

Sha ɗaya saura aka buɗe ƙofa. Murna ta sa babu wanda ya ƙara tambayar komai. Na kwantar da Baba, na yi masa allurar dare, na mayar da kwalaben insulin cikin fulas ɗin ƙanƙara da muka taho da shi. Ƙanƙarar dare ɗaya na tanada, da ɗan rara. A ɗakin namu akwai wani ɗan kasuwa daga Mundu da wani saurayi malamin makaranta. Jirgi ya ja. A Ngaundal na farka da kiran masu talla, zuma, zuma, ana haska fitila ta taga. Na sake farkawa a Mbitom, sannan barci ya ɗauke ni sosai.

Shirun ne ya tashe ni. Wanda ya saba da jirgi ya san bambancin tsayuwar jiran wani ya wuce da tsayuwar da aka kashe inji. Fanka ta tsaya, fitila ta rage haske, sai kukan kwaɗi da ɗigar ruwa daga ganye. Wata ƙaramar tasha ce tsakanin Mbitom da Belabo: ɗaki biyu, reshen dogo ɗaya, gidajen jinka da na kwano kaɗan, sai kurmi ta ko'ina. Muka sauka muka yi asuba a kan tsakuwa. Na ɗaga waya sama, babu layi ko ɗigo.

Daga asubar nan har azahar, awa takwas, babu wanda ya tsaya ya gaya mana komai. A nan nake so in daɗe, domin ba zafi ne ya fi damunmu ba, ba yunwa ba ce kuma. Matan ƙauyen sun fito da ayaba da dafaffen rogo da gasasshiyar masara, har da kifi, kuma ba su tsauwala kuɗi ba. Abin da ya gallabi mutane shi ne ba wanda ya san yadda zai tsara ko da awa guda ta rayuwarsa. In sha ruwan nan ko in adana? In bar yaro ya tafi bayan gari ko jirgi zai tashi ya bar shi? In sauke kaya? Mai jego tana lissafin madara. Ni ina lissafin ƙanƙara. Mai ciwon suga abincinsa da allurarsa tare suke tafiya, in ka yi allura ba abinci a kusa ka jawo masa faɗuwa, in ka hana shi kuma sugan ya hau. Da na san wuni za mu yi, da tun safe na nemi wanda zai dafa masa abin da ya dace da shi. Da na san awa ɗaya ce, da ban damu ba. Rashin sanin ya sa na kasa yin ko ɗaya, ina zaune ina kallon agogo. Baba, da yake kwance yana jan carbi, ya dube ni ya ce, "Zauna, ɗana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma kai-komon nan naka ba zai haska shi ba."

Inda babu labari kuwa jita-jita ce ke cika wurin. Kafin ƙarfe tara na ji iri huɗu. Wani ya ce gada ce ruwa ya tafi da ita. Wani ya ce inji ne ya mutu, an aika Duwala a kawo wani. Wani ya ce 'yan fashi ne suka tare hanya a gaba, nan take mata suka fara tura kuɗi cikin zani. Mafi muni, wani ya ce jirgin mutane ne ya kife, wanda ya taso daga Yawunde, kuma akwai waɗanda 'yan'uwansu ke cikinsa. Wata mata ta fashe da kuka, ɗanta soja yana ciki. Ba a raina tsoron nan ba. Duk wanda ke hawa jirgi a ƙasar nan yana ɗauke da Eseka, wani gari a kan dogon Yawunde zuwa Duwala, a zuciyarsa. Ranar 21 ga Oktoba 2016, bayan hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, jama'a suka kwarara tasha, aka ƙara taragu, jirgin ya kife a Eseka, mutum 79 suka rasu a ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. Binciken gwamnati ya ambaci gudu fiye da kima, da lodi, da birki mara kyau. Tun daga ranar ban taɓa yi wa jirgi fushi don ya tsaya ba. In hanya ba ta da kyau a tsaya, sannu ba ta hana zuwa. Amma matar nan ta yi sa'o'i tana kukan ɗan da ke zaune lafiya yana cin ayaba a ɗaya gefen, kuma jimla ɗaya ce za ta hutar da ita.

Ma'aikatan jirgin suna nan, ba ɓuya suka yi ba, amma duk wanda ka tara sai ya ce, ana jiran umarni. Na lura suna kauce wa ido. Da farko na ɗauka raini ne. Daga baya, da muka zauna da ɗaya daga cikinsu a gindin mangwaro, na gane tsoro ne. Ya ce mini, in ya buɗe baki ya ce ƙarfe biyu, biyu ta yi ba a tashi ba, shi za a kama da ƙarya, shi za a zaga, wataƙila ma a kai ƙararsa sama a ce ya faɗi abin da ba a ba shi izini ba. Labarin yana tasowa ne daga masu aiki a wurin da abin ya faru, ya je ofishin da ke tsara zirga-zirgar jirage, daga can ya sauko wa shugaban tasha ta rediyo, shi kuma ya gaya wa shugaban jirgi. A kowane mataki mutum yana jira sai ya tabbata kafin ya furta. Mu da ke ƙarshen igiyar sai abin da ya rage.

Na fahimci uzurinsa, amma ban yarda da shi ba, kuma na gaya masa. Ba lokacin tashi muke nema dole ba. Ko cewa aka yi, ga abin da ya faru, ba wanda ya mutu, ba mu san yaushe za a gama ba, amma ba za mu motsa kafin azahar ba, kuma za mu dawo mu ƙara muku bayani, wannan ya isa mutum ya shimfiɗa tabarma. Mai jinya ma haka yake so likita ya yi masa.

Bayan mun idar da azahar da la'asar a haɗe, sai ga shugaban tashar da kansa, dattijo mai furfura a gemu, riga ta jiƙe da gumi. Ya sa aka jawo benci ya hau. Bai da lasifika, tafi ya yi har aka yi shiru. Ya yi magana da Faransanci, sannan ya maimaita da Fulatanci, ya fara da "useko, waɗee munyal", wato don Allah a yi haƙuri, sannan ya tambaya ko akwai mai mayar wa Hausawa da Larabawa. Ni na mayar da Hausa, ɗan kasuwar Mundu ya mayar da Larabci. Ga abin da ya ce, kusan yadda ya faɗa. Taragu huɗu na jirgin kaya sun sauka daga kan dogo tun jiya da yamma, tsakaninmu da Belabo, inda ruwa ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin layi. Ba a rasa rai ba. Jirgin da ya taso daga Yawunde yana tsaye lafiya a ɗaya gefen. An yi zaton za a share hanya kafin gari ya waye, shi ya sa aka sake mu daga Ngaundere, amma injin ɗaga kaya ya iso a makare, ƙasa kuma ta yi laushi. Ko an ɗauke taragun, sai an sake zuba tsakuwa, an jera gungume, an ɗaure dogo, an gwada da inji shi kaɗai. Ba zai yiwu yau ba. Shawarar da aka yanke ita ce musanya: gobe da sassafe jirginmu zai matsa kusa da wurin, mu sauka mu taka da ƙafa mu shiga wancan, mutanen wancan su shigo namu, kowane jirgi ya koma inda ya fito. Ba za a yi da dare ba saboda tsofaffi da yara. Ya ce zai dawo bayan magariba ya sake magana, ko akwai sabon labari ko babu. Sannan ya nuna wani tudu bayan makarantar ƙauyen, ya ce a can waya tana kamawa.

Labari ne mara daɗi, kwana na biyu a daji. Amma wallahi na ga kafaɗun mutane sun sauka. Matar da ke kuka ta zauna a ƙasa tana hamdala. Babu wanda ya zage shi. Wasu ma tafa masa suka yi. Cikin rabin awa tashar ta zama wani abu dabam: an haɗa kuɗi an sayi buhun shinkafa daga wani mai kanti, mata sun ari tukwane sun hura wuta, samari sun ɗauki jarkoki sun nufi rijiya, an ware gefe guda na mata don wanka. Duk wannan da tun asuba aka yi shi.

Ni tudun na fara hawa. Mutum ya fi hamsin a kai, kowa hannu a sama. Na sami gwaggona a Birketari, ta aika ɗanta asibiti da takardunmu, kafin la'asar sakaliya aka mayar mana da ganin likita ranar Jumma'a. Da sai Laraba suka ga ba mu zo ba, da an ba wani gurbin, mu kuma a ce sai wata mai zuwa. Sannan na koma kan magani. Ƙanƙara ta zama ruwa. Firijin taragon abinci ba ya aiki tunda an kashe janareta don tattalin mai. Wata tsohuwa a ƙauyen, da na yi mata bayani ta bakin jikanta, ta kai ni ɗakinta ta nuna mini randar ƙasa a lungu, ruwanta sanyi ƙalau. Na ƙulle kwalaben a leda biyu na zura a ciki. Ta ƙi karɓar ko dala. Da daddare ta aiko wa Baba da miyar ganye da kifi, ba rogo, domin jikan ya gaya mata ciwonsa.

Hajiyar Marwa kuwa lissafinta ya fi nawa wuya. In 'yarta ta jira musanya, ba za ta isa Yawunde ba sai Laraba da yamma, jarrabawa ta wuce, sai baɗi. Shugaban tashar ya ce akwai hanyar babur zuwa Belabo, daga can kwalta ce zuwa Bertuwa, kusan kilomita 80, daga Bertuwa kuma akwai motocin dare. Amma hanyar babur ɗin taɓo ce, rana kuma ta karkata. Mutum kamar goma suka yanke shawarar tafiya, cikinsu akwai malamin ɗakinmu da wata 'yar kasuwa babba da ta san hanyar. Uwar ta damƙa hannun yarinyar a hannun matar, ta ce, "Yaya, amana ce, Allah ne shaida." Ita ba za ta iya hawa babur ba, ga kaya. Yarinyar ta sa takardunta cikin leda ta cusa a hijabi, ta durƙusa gaban Baba ya yi mata addu'a. Na tsaya ina kallon baburan har kurmi ya haɗiye su. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, da an yi jawabin bencin nan da asuba, da rana tsaka za ta yi tafiyar nan. Da kuma an faɗa a zauren Ngaundere abin da ɗan dako ya riga ya sani, da tana kwance a Yawunde tana bitar karatunta. Ni ma da hannuna a ciki, ni na ce wa uwarta zancen 'yan tasha ne.

Da magariba dattijon ya cika alkawari. Ya hau benci ya ce babu sabon abu, shiri yana nan yadda yake, a kwanta da wuri, a ɗaure kaya tun dare. Minti biyu ya yi. A daren malamin ba ya nan, sai wani ɗalibi ya karɓi gadonsa, yaro da ya yi karatu a Faransa. Shi ya ba mu labarin yadda ake yi a can: a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce in jirgi ya makara awa ɗaya a mayar wa matafiyi kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai awa biyu a mayar masa da rabi. A Japan kuma, in jirgin masu zuwa aiki ya makara ko da 'yan mintoci ne, ana ba mutum takardar shaida ya kai wa maigidansa ko makaranta. Ɗan kasuwar Mundu ya ce shi ba kuɗi yake so ba, saƙo ɗaya yake so. Ya ce lokacin sayen tikiti an rubuta lambar wayarsa, kamfanonin waya kuwa kullum suna turo masa tallar da bai nema ba, me zai hana a turo masa layi biyu tun yana Ngaundere? Na ga gaskiyarsa, sai dai na ƙara da cewa rabin mutanen taragon baya ba sa karanta Faransanci, kuma a dajin nan waya ba ta kamawa. Saƙon waya yana da amfani kafin a tashi. Bayan an tashi, sai mutum mai baki a kan benci, da yaren da jama'a ke ji.

Musanyar ta ɗauki awa uku. Jirgi ya ja a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya tsaya, muka sauka a gefen dogo inda babu dandamali, matakin ƙarshe ya kai ƙugu tsawo. Aka ce tsofaffi da masu goyo su fara. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma a kan tsakuwa mai santsi da jar laka. Samari biyu da ban san su ba suka haɗa hannu suka yi wa Baba kujera, ni na ɗauki jaka da fulas, Hajiya tana biye da mu da ƙullinta a ka. Muka wuce taragun, biyu sun kwanta a gefe, buhunan siminti sun fashe ruwa ya daskarar da su, dogon ya lanƙwashe kamar an murɗa waya. Ma'aikata cikin laka har gwiwa, ido ja, da alama ba su runtsa ba tun shekaranjiya. Baba ya sa aka tsaya ya ce musu sannu da aiki. A tsakiyar hanya muka haɗu da mutanen wancan jirgin suna tahowa, layi biyu suna gogar juna, ana sannu, sannu, kamar an san juna. Nan matar nan ta ga ɗanta soja.

A wancan gefen an ɗan yi rikici kan wuraren zama, domin lambobin taragun ba su zo daidai da namu ba, amma mai duba tikiti ya bi ɗaki ɗaki ya daidaita, Baba ya sami gadon ƙasa. Muna shiga Belabo waya ta kama, saƙonni suka shigo a jere. Na Hajiya guda ɗaya ne daga 'yar kasuwar: sun isa Yawunde ƙarfe biyar na asuba, yarinya ta yi wanka a gidanta, ta shiga ɗakin jarrabawa. Babur ya kayar da su sau ɗaya, gwiwa ta ɗan kuje. Hajiya ta kifa fuska a tafin hannu, ta daɗe a haka.

Sauran tafiyar ba abin faɗa. Kogin Sanaga ya cika ya yi ja, Nanga-Eboko, gonakin rake na Mbanjok, Obala, muka shiga Yawunde bayan la'asar ranar Laraba.

Kafin mu fita tasha na bar Baba da ɗan gwaggona, na nemi ofishin da ke karɓar koke. Mutum shida ne kawai muka je, cikin ɗaruruwa. Na nemi takardar shaidar makara, saboda asibiti, ko da za a tambaya. Ma'aikacin ya karɓi tikitina, ya rubuta lambar jirgi da ranar tashi da lokacin isowa, ya buga hatimi. Minti goma. Ga duk wanda zai bi hanyar nan: kada ka yar da tikitinka ko ka bari a karɓe shi a ƙofa kafin ka je ofishin, shi ne hujjarka, kuma ka nemi takardar a ranar, kada ka ce sai gobe. Batun mayar da wani abu daga kuɗi, ya ce in rubuta wasiƙa. Na rubuta a tsaye a kan kantarsa, na sa ya buga hatimi a kwafina. A ciki ban yi dogon zance kan kuɗi ba. Na rubuta awa takwas ɗin nan, na rubuta matar da ta yi kuka, na rubuta yarinyar da babur. Na roƙi a riƙa yin sanarwa da Fulatanci da Hausa a tashar Ngaundere bayan Faransanci, a kuma faɗi dalilin makara tun mutum yana da zaɓin komawa tashar mota. Na ƙare da shugaban ƙaramar tashar, na ce a gode masa, domin ban ma tambayi sunansa ba.

Jumma'a aka yi wa Baba aikin ido ɗaya, aka ce mu dawo bayan wata uku don ɗayan. Da za mu koma gida na ce masa ko mu gwada mota. Ya ce a'a, jirgi. Na sayi ƙanƙara ninki biyu, da garin kunu, da sabulu sinƙi guda da ya ce in riƙe a hannu, in mun zo ƙaramar tashar nan in miƙa ta taga a kai wa tsohuwa mai randa.